Kwangilar da Ba a Auna Ta da Awo: Gwamnati, Kamfanoni da Cinikin Fasahar Zamani

(Taken shiri)

 Yau shirin zai shiga wata kasuwa ce wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci, amma kuɗin da ake ciniki da su a cikinta na kowa da kowa ne. Ita ce kasuwar da gwamnati ke zuwa sayen fasahar zamani a hannun kamfanoni.

Duk uban da ya taɓa biya wa ɗansa kuɗin rajista a jami'ar tarayya, a Kano ne ko Zariya ko Sakkwato, ya san wannan zaman. Ɗan ƙaramin shagon kafe, janareta yana ruri a bakin ƙofa, ɗalibai sun cika benci har wasu na tsaye. Yaron shago ya tambayi suna, ya tambayi lambar waya da adadin kuɗin, ya daddanna kwamfuta, sai firinta ta turo takarda ɗauke da wata lamba mai alƙaluma 12. Ita ce RRR. Da ita za a nufi banki, ko a biya ta waya, kuɗin su wuce zuwa asusun gwamnati da ke Babban Bankin Najeriya. Uban ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, a ransa ya gama da gwamnati. Amma hanyar da kuɗin nasa suka bi ba gwamnati ce ta shimfiɗa ta ba. Manhajar sunanta Remita, kuma wani kamfanin Legas ne mai suna SystemSpecs, wanda John Obaro ya kafa a 1992, ya ƙera ta.

Wannan ba abin kunya ba ne. Babu gwamnatin da ke ƙera duk abin da take amfani da shi. Kamar yadda take ba ɗan kwangila aikin titi, haka take ba kamfani aikin manhaja, domin gwanayen rubuta manhaja galibinsu a kamfanoni suke, inda ake biyansu abin da albashin ma'aikacin gwamnati ba zai kamo ƙafarsa ba. Abin dubawa shi ne yadda ake ƙulla cinikin: wa ya zauna da wa, me aka rubuta a takarda, kuma wa ya ga takardar.

Najeriya tana da doka a kan wannan. Tun zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo aka buɗe wani ofishi a fadar shugaban ƙasa mai tantance farashin kwangiloli, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta har ta yi suna a kansa. A watan Yunin 2007, kwanaki kaɗan da hawansa mulki, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar bayar da kwangiloli da sayen kayan gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Ƙa'idar dokar a fili take. A tallata aikin a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Masu sha'awa su kawo tayinsu a rufe. Ranar buɗewa a buɗe a gaban jama'a, a karanta sunan kowane kamfani da farashinsa da babbar murya, a kuma gayyato 'yan sa ido, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyoyin farar hula. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi, shi ke ɗauka. Hatta kuɗin kafin alƙalami dokar ta 2007 ta yi masa iyaka, a lokacin ta ce kada ya wuce kashi 15 cikin 100.

Tsari ne mai kyau idan siminti za a saya, ko kujerun 'yan makaranta. Buhun siminti kilo 50 ne, kowa ya san kuɗinsa a kasuwa. Kujera ana ƙirga ta, ana zama a kanta a ji ko tana girgiza. Titi ana auna tsawonsa da kaurin kwaltarsa.

To manhaja fa? Da wane awo za a auna ta? Jami'in da zai sa hannu sau da yawa bai taɓa ganin irinta ba, ba zai iya kwatanta abin da yake so dalla-dalla ba, sai kamfanin da zai sayar masa ne zai taya shi rubuta abin da yake bukata. Ranar da aka miƙa titi, aikin ɗan kwangila ya ƙare. Ranar da aka miƙa manhaja kuwa, ranar ce zaman tare ya fara, domin kullum tana bukatar gyara, da sabuntawa, da wuta, da intanet, da masu gadinta daga 'yan kutse. Wanda ya yi cinikinta da idon sayen siminti, cinikin biri a sama ya yi.

Labarin Remita ɗin ma ya isa misali. Kafin asusun bai-ɗaya, wato tattara kuɗin gwamnati wuri guda a Babban Banki, ma'aikatu da hukumomin tarayya suna da dubban asusai warwatse a bankunan kasuwanci. Kuɗin gwamnati na kwance a banki, gwamnatin kuma ta juyo ta ci bashi da ruwa daga waɗannan bankunan, wani lokaci kuɗinta ne ake ranta mata. An fara gwajin haɗe asusan a 2012 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, sai a watan Agustan 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kowa ya shiga, aka sa 15 ga Satumba ta zama ranar ƙarshe. Cikin 'yan watanni tiriliyoyin naira suka baro bankuna suka koma Babban Banki, kuma ta cikin manhajar wannan kamfani na gida suka bi. Duk mai adalci zai yaba. Aiki ne babba, 'yan ƙasa ne suka yi shi, kuma ya yi.

Sai dai a cikin yarjejeniyar akwai wani ɗan layi: la'adar kashi 1 cikin 100 na kuɗin da suka wuce, wadda za a raba tsakanin kamfanin da bankunan kasuwanci da Babban Banki, kamfanin ya ɗauki rabi. Kashi 1 cikin 100 a kunne ba komai ba ne. A naira 1,000 naira 10 ce. Amma a naira biliyan 1, miliyan 10 ce, alhali wahalar da kwamfuta ta sha wajen tura biliyan daidai take da wadda ta sha wajen tura dubu. Lokacin da aka rubuta wannan layi, kuɗin da ke bin hanyar kaɗan-kaɗan ne. Da aka buɗe madatsa gaba ɗaya, sai lissafi ya sauya. A watan Nuwamban 2015 Sanata Dino Melaye ya tayar da maganar a zauren Majalisar Dattawa, ya yi zargin an kwashi naira biliyan 25. Kamfanin ya musanta adadin, ya ce shi dai abin da aka yi yarjejeniya a kai ya bi. Babban Banki ya ba da umarnin a mayar da la'adar da aka cire, aka mayar. Daga baya aka koma wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane biya, aka kuma ɗora shi a kan mai biya. Shi ne 'yan canjin nan da uban ɗalibi ke gani sun hau kan kuɗin makaranta.

Duk wannan hayaniyar da an yi maganinta tun ran gini, tun ran zane, da an sa wa la'adar rufi, an ce komai yawan kuɗin ba za ta wuce kaza ba, da kuma an baje yarjejeniyar a faifai tun farko kowa ya karanta. Akwai kuma wata tambaya da ta fi ta la'ada nauyi. Idan hanya ɗaya ce tak kuɗin ƙasa ke bi, kuma makullinta yana hannun kamfani ɗaya, ranar da aka sami saɓani ina za a nufa? Shi ya sa masana harkar ke nacewa a rubuta tun farko cewa bayanan da aka tara mallakin gwamnati ne, cewa za a miƙa su cikin sigar da wata manhajar za ta iya karantawa, kuma a horar da ma'aikatan gwamnati su san cikin abin, ba allonsa kawai ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Daga gari sai ƙauye, domin a nan ne aka yi gwajin da ya fi taɓa mutanenmu.

Shekara da shekaru gwamnati ce ke sayen takin zamani da kanta, ta raba da kanta. Manomi ya san yadda abin ke ƙarewa. Tirela ta taso daga Legas ko Fatakwal da sunan talaka, kafin ta iso an raba takardun kaso ga masu uwa a gindin murhu, takin ya ɓulla a kasuwa da tsada, wani ma ya tsallaka iyaka. Wanda ya kai ga manomi kuwa sai masara ta yi bunni ya iso. Dakta Akinwumi Adesina, da ya zama ministan noma a 2011, ya sha faɗa cewa manoma 11 ne kacal cikin 100 ke samun takin da ake cewa an yi musu rangwame.

A 2012 ma'aikatarsa ta fito da shirin GES. Gwamnati ta cire hannunta daga saye da rabo. Kamfanonin taki da dillalai su za su kai kaya, su sayar. Gwamnati rabin kuɗin kawai za ta biya, tarayya kashi 25, jiha kashi 25, a kan buhu biyu ga kowane manomi, ɗaya NPK ɗaya yuriya, tare da ingantaccen iri. Abin da zai haɗa manomi da dillali da baitulmali kuwa shi ne wayar hannu. Aka ba kamfanin Cellulant, wanda wani ɗan Kenya, Ken Njoroge, da wani ɗan Najeriya, Bolaji Akinboro, suka kafa, aikin gina tsarin. Aka bi mazaɓu ana rajistar manoma, suna da lambar waya da abin da mutum ke nomawa. Gwamnati ta ce waɗanda aka yi wa rajista sun haura miliyan 14.

A ɗauki manomi guda a misali. Damina ta kusa, yana gindin bishiya yana gyaran ƙotar fartanya, sai 'yar Nokia ta yi ƙara a aljihu. Bai iya karatun boko ba, sai ya miƙa wa ɗansa ɗan sakandare. Yaron ya karanta masa: takinsa ya iso, ga cibiyar da zai je, ga abin da zai biya. Washegari ya hau babur ya nufi cibiyar, ya nuna saƙon, aka duba sunansa a rajista, ya biya rabin kuɗi, aka ɗaure masa buhu biyu a bayan babur. Bai je gidan kansila ba, bai durƙusa wa kowa ba. Ga mutumin da ya shekara 30 yana jin labarin takin gwamnati a rediyo bai taɓa riƙe shi a hannu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya faru da mutane masu ɗimbin yawa. Yana cikin ayyukan da aka ambata lokacin da aka ba Adesina babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2017.

Amma maƙwabcinsa fa? Shi garinsu babu sabis sai an hau tudu. Wani wayar ta lalace, wani ya sauya layi, wani lambar ƙaninsa ya bayar ranar rajista, ƙanin kuma ya tafi cirani. Mata da dama ba su da waya tasu ta kansu. A cibiyoyi da yawa sabis ya ƙi, dole aka koma takarda da biro, wato ƙofar da aka ce an toshe ta sake buɗewa. Har sai da aka gwada wani kati a Jihar Sakkwato da yankin Abuja, wanda ake dangwala shi a jikin na'ura ya yi aiki ko babu sabis. Da an fara zama da manoman kafin a zana tsarin, da tun farko an san cewa sabis a karkara ba abin dogaro ba ne.

Abin da ya karya ƙashin bayan shirin kuwa ba na'ura ba ce. Bashi ne. Dillali ya ci bashin banki ya sayo taki, ya ba manomi a rabin kuɗi, yana jiran gwamnati ta cika masa rabin. Manhaja ta nuna ƙarara buhu nawa ya bayar, ga suna ga rana. Amma kuɗin suka ƙi fitowa. Biliyoyin naira suka taru a kan gwamnatin tarayya da jihohi, ruwan banki yana hawa kan dillalai, wasu suka durƙushe. Bayan 2015 shirin ya yi ta ja da baya, a ƙarshen 2016 gwamnati ta karkata zuwa wani sabon shirin haɗa taki a cikin gida tare da ƙasar Maroko. Ana yawan zargin 'yan kasuwa da cutar gwamnati, kuma akwai masu yi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ba ta biyan bashi a kan lokaci ita ke koya wa 'yan kwangila su ninka farashi tun daga farko, ita ke korar na kirki ta bar masu iya jira saboda suna da wata hanyar.

Akwai kuma kyamarorin Abuja. A 2010 aka ƙulla kwangilar dala miliyan 470 da kamfanin ZTE na ƙasar Sin don kafa tsarin sadarwar jami'an tsaro, har da kyamarori masu amfani da hasken rana a Abuja da Legas. Dala miliyan 399.5 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na Sin. Mazauna Abuja sun ga turakun a bakin titi da farantan sola a kansu, sun kuma ga yadda aka bar su har ɓarayi suka riƙa kwance batura. Majalisar Wakilai ta yi bincike, kamfanin ya ce shi ya gama nasa ya miƙa. Ko ma a ina laifin ya kwanta, an sayi doki ne ba a tanadi harawa ba, kuma bashin na wuyan 'yan ƙasa.

Inda aka dace kuwa, ribar ba ta ɓuya. A Fabrairun 2014 Babban Banki, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, tare da bankunan kasuwanci suka ƙaddamar da lambar BVN, kamfanin Dermalog na Jamus ya kawo fasahar ɗaukar zanen yatsa. Shekara biyu bayan haka Ma'aikatar Kuɗi, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta gwama jerin masu karɓar albashi da waɗannan lambobi, ta sanar da cire sunayen bogi 23,846, abin da ta ce ya rage wa baitulmali naira biliyan 2.29 a kowane wata. Mutum zai iya ƙirƙiro suna 20, amma yatsunsa ba za su sauya ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To ina matasanmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Jos suka tsaya a wannan kasuwa? Galibi a bakin ƙofa.

A takarda an buɗe musu. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umarnin da ya ce hukumomi su fifita kayan gida wajen saye, har da kayan fasahar sadarwa. A Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya ƙara da wani umarnin mai fifita ƙwararrun gida a ayyukan kimiyya da injiniyanci. A watan Oktoban 2022, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, wadda hukumar NITDA ke kula da aiwatar da ita. Ita NITDA ɗin ce kuma aka ɗora wa tantance ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya kafin a kashe kuɗi, don kada ofis biyu su sayi abu guda sau biyu, ko a sayi abin da ba zai iya magana da na maƙwabcinsa ba.

Amma bari matashi ya ɗauko tallar kwangila ya karanta sharuɗɗa. Takardar rajistar kamfani. Shaidar biyan haraji ta shekara 3. Lissafin kuɗi da akanta ya tantance na shekara 3. Takardar hukumar fansho, da ta asusun horar da ma'aikata, da ta inshorar ma'aikata. Sannan shaidar cewa ya taɓa yin irin wannan aiki a baya. Kamfanin yara huɗu da suka haɗu bara a ɗaki guda, ko da manhajarsu ta fi ta kowa, a nan za su ajiye takardar. Wanda zai ci kwangilar shi ne mai cikakkun takardu, wanda jiya ya kawo taya da kujeru, yau kuma ya zama masanin kwamfuta. In ya karɓa sai ya nemo waɗannan yaran ya ba su aikin a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Waɗannan takardu ba don mugunta aka sa su ba, kariya ce daga kamfanonin jaka. Amma akwai hanyar da ta fi dacewa da fasaha: a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a faɗi matsalar da ake son warwarewa maimakon a lissafa na'urorin da za a kawo, a ba kamfani biyu ko uku ɗan kuɗi kaɗan su gwada a ƙaramar hukuma ɗaya, wanda nasa ya yi aiki a gaban idon jama'a shi za a faɗaɗa. Asarar gwaji a asibiti guda ba ɗaya take da asarar dala miliyan ɗaruruwa ba.

Wata ƙasa ta juya abin ta wata fuskar, ta sa fasahar ta zama mai gadin kwangilar kanta. Ita ce Yukren. Bayan zanga-zangar da ta kawar da gwamnatin Viktor Yanukovych a Fabrairun 2014, wasu 'yan sa-kai da 'yan kasuwa da jami'an gwamnati suka zauna a kan yadda za a toshe ɓarnar kwangila. Suka gina wani tsari mai suna ProZorro, sunan da ya samo asali daga kalmarsu mai nufin abin da ake hangen cikinsa. An fara gwajinsa a Fabrairun 2015, zuwa Agustan 2016 ya zama wajibi ga duk hukumomin ƙasar.

Yadda suka raba aikin shi ne abin koyi. Rumbun bayanai guda ɗaya ne, kuma na gwamnati ne. A farko reshen ƙungiyar Transparency International na ƙasar ne ya riƙe shi amana, da ya tsaya da ƙafarsa aka miƙa wa gwamnati. Ƙofofin shiga kuwa na kamfanoni ne masu zaman kansu, da yawa, suna gasa da juna wajen jawo 'yan kwangila. Duk ƙofar da hukuma ta saka talla, nan take ta bayyana a sauran. Idan ƙofa ɗaya ta rufe, kasuwa ba ta tashi ba. Masu neman aiki su yi gwanjon rage farashi zagaye uku, ba wanda ya san da wa yake karawa. Da an gama sai a buɗe komai: sunayen kamfanoni, farashin kowa, takardun da ya kawo, dalilin da aka ƙi wane aka ɗauki wane, har da kwangilar da aka sa wa hannu. Ɗan jarida da malamin makaranta da ɗan kasuwar da ya faɗi duk abu guda suke gani. Rubutun manhajar ma a buɗe yake, ba sirrin wani kamfani ba ne.

Darajar wannan buɗewa ta fito ne lokacin da aka rufe. Da Rasha ta afka wa ƙasar a 2022, aka ɓoye bayanan sayayyar sojoji saboda tsaro. A Janairun 2023 wani ɗan jarida, Yuriy Nikolov, ya fallasa wata kwangilar abincin sojoji da aka rubuta ƙwai ɗaya a kan hiribniya 17, kuɗin ƙasar, alhali a shagunan babban birnin kusan 7 yake. Ma'aikatar tsaro ta yi jayayya da rahoton, amma mataimakin minista ya yi murabus, majalisa kuma ta yi dokar da ta dawo da bayyana farashin duk abin da ba makami ba, ana tsakiyar yaƙi.

A nan gida ma an kama hanya, ko da tafiyar ba ta yi sauri ba. Najeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da mulki a buɗe a 2016, hukumar BPP kuma ta buɗe shafin NOCOPO don hukumomi su riƙa saka bayanan kwangilolinsu, sai dai shafi ba ya cika kansa, sai hukumar da ta ga dama ta saka. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kwangila a 2016, ta kuma fito da wata manhajar waya da ɗan gari zai ɗauki hoton aikin gwamnati da ke unguwarsu ya aika, a ga ko ginin ajin da aka biya kuɗinsa ya wuce linta. Wata ƙungiyar farar hula ta Abuja, PPDC, ta gina shafin da ke gwama abin da aka ware a kasafi da abin da aka ba ɗan kwangila da abin da ke ƙasa. Da suka zo raɗa masa suna, Hausa suka ara: Budeshi, wato buɗe shi.

Mai sauraron da aka kawo wa asibitin garinsu kwamfutoci aka jibge a sito, ko aka ce an sayi manhajar biyan haraji amma har yau da rasit na hannu ake karɓa, doka ta ba shi bakin tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce kowane ɗan ƙasa zai iya rubuta wa hukuma wasiƙa ya nemi bayani, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wasiƙar ba ta bukatar lauya. Ƙungiyar unguwa ko ta manoma ko ta ɗalibai za ta iya rubutawa ta ce a ba ta sunan kamfanin da aka ba aikin, da kuɗin kwangilar, da abin da aka riga aka biya, da ranar da ya kamata a gama, da wanda zai ɗauki nauyin gyara bayan an miƙa. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Hukumar tana da kwana 7 ta amsa. In ta ƙi, wajibi ne ta faɗi dalili a rubuce, mai tambaya kuma yana da kwana 30 ya kai maganar gaban kotu.

A nan shirin zai dakata. 

(Taken shiri)